Na Bi Ɗalibaina Gidan Gem



Ya ɗan'uwa mai karatu, a makon jiya ɗalibaina 3 na ajin hadda suka yi fashin darasin la'asar kwana biyu a jere. Da na bincika, sai aka ce mini suna wani gidan gem a nan Kaura Namoda. Na tafi da niyyar faɗa, amma da na shiga sai na tsaya kallo, domin ni ma ba baƙon abin ba ne. Wajajen 2006 na sha kashe kuɗin karin kumallona a kan Winning Eleven.

Abin mamaki, na'urar ita ce dai PlayStation 2 da kamfanin Sony ya fitar a 2000, ya kuma daina ƙerawa tun 2013. Wasan ƙwallo na ƙarshe da Konami ya yi mata shi ne PES 2014. Amma ga Victor Osimhen a allo sanye da rigar Galatasaray, alhali duniya ba ta san shi ba sai a 2015! Wannan aikin masu yi wa wasanni kwaskwarima ne. Matasa ne a ƙasashe irin su Brazil da Indunusiya ke buɗe tsohon wasa su sauya sunaye da riguna da fuskoki, mu kuma a loda mana a filash.

Kwaskwarimar nan wani lokaci ma tana tona asiri. A 2005 wani ɗan ƙasar Holan ya buɗe wani ɓangaren batsa da kamfanin Rockstar ya bari a ɓoye cikin GTA San Andreas, har aka mayar da wasan na manya kaɗai a Amurka, shaguna suka janye shi. Wannan wasa yana cikin na'urar da yaran ke amfani da ita. Ba na son sa ga kowa, balle ga yaron da danginsa suka baro ƙauyukan Zurmi ko Shinkafi saboda ƙarar bindiga, sannan a ba shi maki don ya ƙwace mota ya harbe mai ita.

Wasan ƙwallon kuwa ban ga aibinsa a karan kansa ba. Asalin al'adu halacci ne, kuma a halin da muke ciki na fi son yaro yana ɗaki ana ganinsa da ya fita bayan gari. Inda na tsaya shi ne ƙa'idar gidan: wanda aka ci shi ke biyan kuɗin wasa duka. Yaran ba su ɗauke ta komai ba, ni ma a da ban ɗauka ba. Sai dai ka duba, kowannensu ya zauna bai san ko zai biya ninki biyu ko zai tashi kyauta ba, kuma sakamakon wasan ne ke yanke hukunci. Malamai da dama sun sanya wannan a babin caca, ko da kuɗin bai kai na sayen ƙosai ba.

Mai gidan, matashi mai ladabi, ya ce: "Malam, wallahi haka na tarar ana yi." Na roƙe shi abu uku: kowa ya biya rabonsa kafin a fara, a goge GTA, a kashe janareta in an kira salla. Ya amsa biyun farko nan take. Na ukun ya ce man fetur ma zai sa ya yi.

Ɗaliban kuwa na ba su Alhamis da Juma'a, tunda babu makaranta, da sharaɗin kawo haddar Asabar cikakkiya. Biyu sun kawo. Na ukun ya tsaya a aya ta tara, kuma gobe zan je wurin mahaifinsa.