Awa Uku a Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia

Ni mutumin Babban Duhu ne, a yammacin Jihar Katsina. A shekarar 2022 muka tafi taron ikilisiya a Fatakwal. A kan hanyar komowa motarmu ta lalace a Umuahia, makanike ya ce sai bayan awa uku. Wani dattijon ikilisiya, Ibo, wanda ya rako mu, ya ce mini da Hausa garau, “Ɗana, zo in nuna maka wani wuri.” Ashe a Sabon Garin Kano aka haife shi, iyayensa suka gudu da shi a 1966.

Ya kai ni Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1985. Umuahia ita ce ta zama hedkwatar Biyafara bayan an ci Inugu a 1967, har ita ma aka ci ta a Afrilu 1969. Na ga motocin sulke da jiragen sama sun yi tsatsa. Na ga jirgin ruwan yaƙi mai suna Bonny a girke a kan tudu. Na ga bam ɗin da mutanen Biyafara suka ƙera da hannunsu, suna ce da shi Ogbunigwe. Sa'an nan muka gangara cikin ramin da gidan rediyonsu ya ɓuya a ƙarƙashin ƙasa.

A nan ne na gaya masa abin da ban yi niyyar faɗa ba. Kawuna ya shiga soja a 1967, bai komo ba, ba mu kuwa san kabarinsa ba. Kakata ta rasu tana ajiye da tabarmarsa a naɗe. Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce ƙannensa mata biyu yunwa ta kashe su a wannan yaƙi. Muka tsaya muna duban juna. Watakila kawuna yana cikin sojan da suka kewaye garinsu.

Na ce, “Baba, yaya ka yi ka yafe?” Ya ce, “Ban yafe rana ɗaya ba. An gama yaƙi ran 15 ga Janairu 1970, Janar Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Amma nawa yaƙin sai da ya ƙara shekara goma a cikin zuciya. Kullum in na kai wurin gafara a cikin Addu'ar Ubangiji, sai bakina ya yi nauyi. Na gaji da yi wa Allah ƙarya, na fara yi wa 'yan Arewa addu'a, ko da raina ba ya so.”

Maganar nan ta soke ni, gama ni ma ina da nawa. Kun san abin da 'yan bindiga daga Dajin Rugu suka yi wa ƙasar Batsari da Safana. A Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Ni an kore mini shanun noma, na bar gonar ubana ta zama saura. Tun daga lokacin ban ƙara roƙon Allah kome a kansu ba sai hallaka.

Ba zan ce muku na warke ba. Har yanzu ina roƙo hukuma ta kama mai laifi ta hukunta shi, gama gafara ba ta hana shari'a. Amma tun da na komo, in mun taru da iyali da dare, mukan roƙi Ubangiji ya juyo da zuciyar samarin da ke cikin dajin nan. Daren fari ɗana ya ce, “Baba, har su?” Na ce, “Har su.”

Ku karanta Ishaya 2:4 tare da iyalinku a wannan wata, ku kuma tuna da mu cikin addu'a.