Gwangwani Ɗaya Na Wake

Da yawa daga cikinku kun san ni a gaban allo da alli a hannu, amma ba na jin akwai wanda ya taɓa ganina riƙe da ludayi. Shekara 26 muka yi da uwargidana, a cikinsu ko ruwan shayi ban dafa ba sai in ta je haihuwa. Sa'ad da Ubangiji ya kira ta gida, yaranmu duk sun riga sun watse, wannan yana makaranta, waccan tana gidan miji. Aka bar ni ni kaɗai a gidan malamai, ga tukwanenta nan jere yadda ta bar su.

Matan Zumunta sun yi mini abin da ba zan manta ba. Wata guda cur kwanon tuwo bai yanke a ƙofata ba. Amma kowa da hidimar gidansa, ni kuma kunya ta hana ni cewa ban iya girki ba. Sai na koma shayi da burodi da safe, garin kwaki da sukari da dare. Ran nan ina cikin koyar da 'yan aji uku jiri ya ɗebe ni, sai da na dafa tebur. Ajin ya yi tsit. Wannan shirun ya fi jirin damuna.

Da yamma na kwance buhun wakenta, sai ga gwangwanin madarar da take awo da shi a ciki. Na buga wa babbar 'yata waya.

"Baba, kai da kanka za ka dafa?"

"Ni da kaina. Gwangwani nawa Mamanku take sawa?"

"Biyu, in ku biyu ne." Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, "Ka sa ɗaya, Baba."

Tukunyar farko ba ta da daɗin labari. Na zuba kanwa kamar ba a san kuɗinta ba, waken ya yi ja yana ɗaci. Alayyafon kuwa tare da wake na sa shi tun farko, ya narke ya yi baƙi. Haka na zauna na cinye, gama babu wanda zan ɗora wa laifi.

Yanzu ga yadda nake yi. Nakan tsince tsakuwa, in jiƙa waken kamar minti goma, in murza shi cikin ruwa har ɓawon ya taso sama in tsiyaye. Wannan shi ne aikin da ya fi cin rai, amma waken da aka cire wa ɓawo ya fi saurin nuna, bai kuma cika kumbura ciki ba, har ma ba ya bukatar kanwa. Sai in aza shi a risho da ruwa gwangwani huɗu da rabin albasa. Kada ka rufe tukunya ruf ka tafi duba takardun jarrabawa. Kumfa zai taso ya kashe maka wuta. Sau biyu haka ta same ni. In ya yi lugub, sai in burga shi da maburgi, in sa attaruhu ɗaya, daddawa, gishiri, manja cokali biyu, da ɗan busasshen kifi in wata bai yi nisa ba. Alayyafo shi ne na ƙarshe: ƙulli ɗaya, a wanke shi sosai saboda yashi, a yanka, minti biyar a sauke yana kore shar. In babu shi, zogalen bayan gida ma ya isa, sai dai shi yana son ya ɗan daɗe a wuta. Da shinkafa nake ci, ko da burodi, don har yau tuƙin tuwo ya gagare ni.

Awon dai shi ne har yanzu ban gama koya ba. Miyar wake ba ta son kwana, musamman da bazara, kafin gari ya waye ta yi tsami. Duk da haka wata rana hannuna yakan shiga buhu sau biyu kafin in farga. Da farko nakan mayar da ɗaya. Yanzu ba na mayarwa, sai in leƙa bakin ƙofar makaranta in kira Baba maigadi, mu shimfiɗa tabarma. Shi dai kullum ƙorafinsa ɗaya ne, wai Malam yana rowar barkono.