Cutar da ba mu raɗa ma suna ba

A Hausa muna da haɓo, muna da shawara, muna da masassara. Amma cutar da likitoci ke ce ma PTI ba mu raɗa mata suna ba, kuma abin da ba shi da suna, kowa nashi yake ba shi. Lokacin da ƙanwata ta fara haɓon da ba ya tsayawa, dasashinta na jini in ta yi asawaki, gwaggo ta ce mayu ne, maƙwabci ya ce zafin rana ne. Analiz ɗin jini ne ya raba gardama.

Ga yadda abin yake. Ɓargo yana ƙera wasu ƴan ƙwayoyi, plaket, masu toshe rauni don jini ya tsaya. Mai lafiya yana da kamar 150.000 zuwa 400.000 a mikrolita guda na jini; mai PTI kuwa bai kai 100.000 ba. Garkuwar jikinshi ce ke ɗaukar plaket ɗinshi baƙi, ta yi musu lamba, saifa ta halaka su. Shi ke kawo haɓo, da tabo ba tare da bugu ba, da jinin al'ada mai yawa, da ƴan ɗige-ɗige ja waɗanda a baƙar fata sai an duba cikin baki ake ganinsu sosai.

Ni ɗalibin harshe, harafin I ɗin nan ya tsaya mini a rai. Da can yana nufin "ba a san dalili ba". A 2009 masana suka mai da shi "na garkuwar jiki". Suna ya bi sani.

Ba a ɗaukarta wajen wani. Yara da yawa suna warkewa da kansu cikin watanni, ga manya kuma takan daɗe, ana riƙe ta da magani irin su prednisone. Zazzaɓin sauro da Sida ma suna rage plaket, shi ya sa likita ke fara kore su kafin ya ce PTI ce.

Abin da na fi tsoro shi ne tiren mai tallar magani. Aspirine da ibuprofène suna ƙara zubar jini ga mai wannan cuta, ga su kuma a kowace kwana. Ƴan uwa, kafin mu samo mata suna, in haɓo ya ƙi tsayawa a gidanku, a tafi likita a ƙirga plaket.