Ƙasa ma tana jin yunwa

Manomi ya san gonarsa kamar yadda ya san ɗansa. Ruwa ɗaya ya sauka, iri ɗaya aka shibka. Amma a gindin gawo zangarniya ta cika, a tsakiyar jigawa kuwa sai kara siriri. Abin da ya raba su yana cikin ƙasa.

Hatsi ba ruwa kaɗai yake sha ba. Saiwarsa tana tsotson abinci iri iri. Manya guda biyu su ne azot da fosfor. Azot ke sa ganye ya yi kore shar. Fosfor ke sa saiwa ta yi ƙarfi, ƙwaya ta cika. Jigawar Nijar tana da ƙarancin su duka biyu. In kuma ƙasa ta yi tsami, sai ta riƙe ɗan fosfor ɗin da ke akwai, ta hana saiwa.

Hatsin da ke jin yunwa yana fitar da wani ruwa daga saiwarsa. Wannan ruwa shi ke tada irin ƙuduji da ke kwance. Irin yana iya jira fiye da shekara 10 cikin ƙasa. Da ya tashi sai ya kama saiwar hatsi ya yi ta tsotso. Shi ya sa ƙuduji ya fi yawa a gonar da ta gaji.

Gawo kuwa mai ciyarwa ne. Ƙananan halittu a saiwarsa suna kamo azot daga iska. Da damana ta kama sai ya zubar da ganye, ya bar rana ta sauka ma hatsi. Da rani bisashe suna hutawa a inuwarsa, su ci ƴaƴansa, su bar taki. Sarkin Damagaram Tanimun ya hana sare shi tun kafin zuwan nasara. Bayan farin 1984 manoman Maraɗi suka koma barin tohon itace a gona. Sabara da kalgo suna tare ƙurar hunturu, ita ma abinci ce ga ƙasa.

Manomi ya san wannan duka. Amma gonar gado ta rabu tsakanin ƴaƴa, babu filin da za a bari ya huta. Bayan girbi ga bashi. Sai ya kwashe kara ya kai kasuwa. Ya samu kuɗi yau, gona ta kwana tsirara, iska ta kwashe mata fuska. Baɗi sai rumbu ya faɗa masa gaskiya.

Gyara ba ya son kuɗi mai yawa. Wanda ya bar wani kaso na kara a kwance ya rufa ma ƙasa asiri. Wanda ya shirya da makiyayi, shanu suka kwana a gonarsa, ya samu taki, makiyayi ya samu abinci da ruwa. Wake da gujiya suna kamo azot kamar gawo. Masu bincike na Sadore, kusa da Yamai, sun gwada takin zamani kaɗan kaɗan: cikin murfin kwalba ɗaya, wajen garam 6, a kowane rami lokacin shibka. Wanda ba shi da kuɗin buhu yana iya sayen tiya.

Damana tana tafe. Mai gona ya zagaya tun yanzu, ya duba inda ƙuduji ya fito bara. Nan ne ya kamata taki ya fara sauka.