Gigin tsufa ciwo ne, ba maita ba



Kwanakin baya, bayan sallar asuba, aka kira mu cewa an tsinci ɗaya daga cikin dattawanmu a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Tun tsakar dare ya fita. Muka same shi zaune a bakin dogo, wai jirgin Fatakwal yake jira, kada ya makara aiki. Baba kuwa ya fi shekara 20 da barin aikin reluwe. Muka ce, "Baba, mu tafi gida." Ya dube mu ya ce, "Ku 'ya'yan wane ne?" Mu da muka tashi a gabansa.

Laifinmu ne, kuma mun amsa. Alamun sun daɗe da bayyana: ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, ya ajiye kuɗi ya ce jikansa ya sace. Sai mu yi dariya mu ce tsufa ne. Tun da mai ɗakinsa ta rasu ya rage fita. 'Ya'yansa suna Abuja da Kaduna. Abokan majalisarsa wasu sun rasu, wasu sun bar gari tun rikicin 2011. Mu ma ƙafarmu ta ɗauke daga gidan.

Da 'ya'yan suka kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, abin da likita ya fi tambaya shi ne da wa yake zaune, wa ke hira da shi, wa ke ba shi magani. Aka gano hawan jini da ya daɗe ba a kula da shi ba, kunnensa ma ya yi nauyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi irin tamu. Hawan jini, ciwon suga, rashin ji, ciwon damuwa da kaɗaici duk suna ƙara haɗarinsa. Yawancinsa ba ya warkewa, amma ana samun sassauci. Wani ruɗewar ma daga wata cuta ce da ake iya magancewa, shi ya sa jinkiri ke da illa.

Baba ya yi sa'a, namiji ne kuma an san shi. Da tsohuwa ce aka gani tana yawo cikin dare tana surutai, mun san sunan da wasu za su kira ta, a Kafanchan ko Zonkwa ko Kagoro, Musulma ce ko Kirista. Kalmar "mayya" ta isa ta jawo mata jifa.

Don haka muke roƙo. Wanda ya ga tsohonsa ya fara haka, ya kai shi asibiti mafi kusa a auna shi. A sa masa takarda mai lambar waya a aljihu. Idan ya yi zargi kada a yi musu da shi, a lallaɓa shi. Masu jinya ma a riƙa karɓarsu su huta.

Mun raba kwanakin gaisuwa a tsakaninmu, duk mai son shiga ya yi magana a taron wata. Jiya namu ne. Bai gane mu ba, amma ya ba mu labarin jirgin gawayi har la'asar, yana ta dariya.

Allah ya ba shi sauƙi, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.