Gadon Kawu da Inna: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

 Yau mun ɗan ajiye maganar farashin hatsi gefe, za mu yi maganar gado. E, gadon kwana. Kada ku yi dariya tukuna, ku bari mu kai ƙarshe.

Da yawanku kun tare mu a kasuwa kuna tambayar farar motar nan mai taga da labule da ake gani ƙofar gidan kawunmu. Tsohuwar Peugeot J5 ce, irin wadda Faransawa ke kira camping-car, wato mota mai ɗaki a ciki. Ta tashar jirgin ruwan Kwatano ta shigo, tun kafin a rufe iyakarmu da Benin a 2023, Kawu kuma ya saye ta a Damagaram bayan ya ajiye aikin likita. Dalilinsa ɗaya: ƴaƴa sun warwatsu, wani yana Difa, wata tana Damagaram, babban yana Yamai. Daga Gure zuwa Damagaram kusan kilomita 160 ne, wannan da sauƙi. Amma Yamai ta haura kilomita 1,000 a kan babbar hanya ta RN1, tsoho kuwa ba ya yin ta a yini guda. Ya ce gara ya tafi da makwancinsa, inda dare ya yi su tsaya ƙofar gidan ɗan'uwa ko aboki, su kwana cikin abinsu, ba su takura wa kowa ba.

A bayan motar akwai ƙananan gadaje biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowane faɗinsa santimita 65, tsawonsa 190, a tsakani an bar hanya mai santimita 50. Ƙarƙashin na dama akwai tankin ruwa, ƙarƙashin na hagu batir da kayan gyara. Murafan akwatunan duka ta cikin wannan hanyar suke buɗewa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan tafiyarsu ta farko Kawu ya kira mu. Ya ce, "Ɗana, kai da ka san masu aikin hannu a garin nan, ka nemo mini wanda zai haɗa gadajen nan su zama ɗaya." Muka ce to. Ba mu tambayi dalili ba, kun san kunya irin tamu, wa zai tsaya yana yi wa kawunsa tambaya a kan gado? Nan kuskuren ya fara.

Mu kuma da ɗan iliminmu na lakkol, sai muka ɗauko awo muka hau lissafi. Gadon da Amurkawa ke kira na sarauniya faɗinsa santimita 152 ne, tsawo 203. Na Turai mai kama da shi 160 da 200. Namu in an haɗa 65 da 50 da 65 zai ba da 180, ya ma wuce na sarauniya. Muka ji daɗi ƙwarai. Muka kai motar wurin wani mai walda, ya cire batir da tukunyar gas kafin ya kunna wuta, ya gitta ƙarfe daga wannan gado zuwa wancan tun daga kai har ƙafa, ya shimfiɗa falanki ɗaya a sama. Aka yanko babbar katifa. Gado ya fito kamar na amarya. Har hoto muka ɗauka.

Kwana huɗu da tafiyarsu Difa, sai ga wayar Inna da asuba. Ko gaisuwar kirki ba ta bari mun gama ba. Ta ce, "Kai, wannan aikin naku wa kuka tambaya kafin ku yi shi?"

Ashe ga abin da ya faru. Kawu yana da ciwon suga, shekara da shekaru. Mai wannan ciwo yakan tashi fitsari da dare, wani lokaci sau biyu ko ukku. Da hanyar tsakiya tana nan, sauko da ƙafa kawai yake yi ya miƙe. Da muka toshe ta, sai ya zama dole ya ja jiki da gwiwa har ƙarshen gado cikin duhu, mutum mai shekara kusan saba'in. A daren ukku ya zame, ya bugi ƙugu. Allah ya kiyaye, ba karaya. Sannan ruwa ya ƙare, aka zo duba tanki, murfi ya ƙi buɗuwa domin ƙarfenmu yana kansa. Garin neman gira muka kusa rasa ido.

Da suka dawo muka je muka durƙusa gaban Inna, muka ce to a mayar da gadajen yadda suke. Ta ce a'a. Sai a lokacin ta faɗa mana abin da Kawu ya kasa faɗa. Ita ce ma ta nemi a haɗa. Mai shan maganin suga, wani dare sugan kan faɗi ƙasa sosai yana barci: zufa mai sanyi, makyarkyata, ruɗewa, shi kansa bai sani ba. Ta ce sama da shekara talatin hannunta ne ke gane wannan kafin ido. Tana jin rigarsa ta jiƙe sai ta tashe shi, ta ba shi ruwan sukari. A tafiyar farko, da aka raba su da hanya a tsakiya, ba ta runtsa ba, tana ta miƙa hannu ba ta kai gare shi. Ta ce, "Ni kafaɗarsa nake so in kai. Ƙafafunsa me zan yi da su?"

Wallahi jama'a, mun yi shiru. Muna ta lissafin gadon sarauniya, Inna kuwa ta riga ta gama zanen aikin a kanta.

Ga yadda aka gyara, ga duk mai irin wannan motar ko mai ɗaki ƙarami. Aka yanke ƙarfen nan duka aka fitar. Kafinta ya kafa siririn katako mai ƙwari a jikin kowane gado, ta gefen hanya, ƙasa kaɗan da leɓen gadon, daidai kaurin abin da za a ɗora. Da noti ya ɗaure, domin ƙusa ba ta jure gargadar hanyoyinmu, girgiza na zare ta a hankali. A kan waɗannan katakan aka jera filanki guda-guda masu tsawon santimita 50, da ɗan tazara tsakaninsu don iska ta ratsa. Wanda ya san zafin Afrilu a Gure ya san katifar da ba ta shan iska ta ƙasa zufa take tarawa, ta yi wari. Filankin kuma ba a kafe su ba, an dai sa musu ƴar madogara gaba da baya don kada su zame in an taka birki. In ana son buɗe tanki ko duba batir, ɗaga su ake yi da hannu.

Babban abin shi ne tsawon. Cikin santimita 190, 120 kaɗai aka rufe daga wajen kai. Saura 70 na wajen ƙafa aka bar su a buɗe. Daga kai zuwa ƙugu gado ɗaya ne, daga gwiwa zuwa ƙasa gado biyu. Kawu yana zama ya sauke ƙafa ya miƙe, Inna kuma hannunta na kan kafaɗarsa. Babbar katifar aka yanka ta gida ukku, biyu na gefe da guntuwa ta tsakiya, duk soso ɗaya, kauri ɗaya. Wannan ma a kula: in na tsakiya ya fi taushi ko ya fi gajarta, rami ake samu, mutum ya tashi da ciwon baya. Aka shimfiɗa zanen gado mai kauri ya rufe mahaɗan.

Daga baya wani abokinmu da ya zauna Faransa ya ce ai motocin yanzu da yawa haka ake ƙera su, gadaje biyu da guntun ciko a tsakiya wanda ake cirewa. Muka yi dariya, muka ce Inna ba ta taɓa zuwa Faransa ba.

Kuma in mun duba, gida mai tafiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ku fita arewa wajen Kelle da Tasker ku ga Tubawa da Buzaye da Fulani. A wurin Buzaye da Tubawa tanti na mace ne, ita ke kafa shi, ita ke kwance shi. Gadon Buzuwa ko na Bororuwa sanduna ne da ake harhaɗawa, ranar tashi a kwance shi a ɗora wa jaki ko raƙumi, a sabon masauki a sake haɗawa. Ba mai kafe shi har abada, ba kuma namijin da zai sāke masa tsari bai tambayi mai shi ba. Mun girma muna ganin wannan da idonmu a ranakun kasuwa, amma da aiki ya zo hannunmu sai muka manta.

Abin da ya tsaya mana a rai ke nan. Mun biya kuɗin aiki sau biyu, mun kusa karya tsoho, duk don mun ji nauyin tambaya guda. Haka muke yi a kayan ɗakin amare: a ciwo bashi a sayo gadon da ya cika ɗaki, a rasa inda za a shimfiɗa sallaya, ba wanda ya tambayi yarinyar. Haka muke yi wa tsofaffinmu, mu sayo musu gado mai tsawo da gwiwarsu ba ta iya hawa, mu ce mun kyauta.

Makon jiya suka dawo daga Yamai lafiya. Muka tambayi Inna yaya gado, ta ce ta yi barci. Kawu dai bai ce komai ba, ya miƙo mana goro.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a shirinmu na gobe da safe, in Allah ya kai mu.