Shekarar da Farin Ɗango Suka Riga Mu

Farin ɗangon da suka cinye gonakin arewacin jihar Tawa a damanar 2004, ruwan shekarar da ta gabata ne ya haife su. A lokacin ina malamin gona, ɓangaren kare shuka daga ƙwari, kuma labarinsu ya iso mana a takarda tun kafin mu sa su a ido.

Damanar 2003 ta yi albarka har cikin hamada. Tamesna da kwarurrukan Azbin suka yi kore shar, haka ma arewacin Mali da Muritaniya. A watan Oktoba kuma aka tafka ruwan kwana biyu tun daga Senegal har Maroko, a wuraren da kan shekara ba su ga rabinsa ba. A wannan watan ne Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta yi gargaɗi. A Fabrairun 2004 ta nemi dala miliyan 9 don a tare abin tun yana ƙarami, amma kuɗin ba su zo a kan kari ba. Fari suka haura Maroko da Aljeriya suka hayayyafa, da damana ta kama iska ta koro mana su.

Duk wanda ya yi aikin fara ya san rayuwarta a hannun ruwa take. Tana soka ƙwanta cikin rairayi mai laima, zurfin santimita 10 zuwa 15. In ƙasa ta bushe, ƙwan ya lalace. Ruwan milimita 25 ya isa ya jiƙa mata wuri, ya tsirar da ciyawar da 'ya'yanta za su ci. Cikin mako biyu su ƙyanƙyashe, su yi wata guda da 'yan kwanaki suna tsalle a ƙasa kafin fiffike ya fito. Kowane wata uku suna iya ninkuwa sau ashirin. Don haka in ka san ranar da aka yi ruwa da inda aka yi shi, za ka iya lissafa ranar ƙyanƙyasa da ranar tashi. Wannan lissafin duk muna da shi. Rahoton ruwa na kwana goma-goma yana zuwa daga Yamai, cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban farin ruwa, tana fitar da nata bayanan.

Cikin watan Satumba, lokacin da yara suka fara gasa tumu, ina wani ƙauye arewa da Tawa. Bayan la'asar wani yaro ya sheƙo yana cewa hadari ya taso daga gabas. Jim kaɗan hadarin ya zama jaja-jaja, rana ta dushe, sai ga su suna zubowa. Samari ne, ba su kai ga yin ƙwai ba, kuma su suka fi ci. Mata suka fito da kwanoni da tasoshi suna kaɗawa, maza suka cinna wa tsumma da ɗanyen ganye wuta don hayaƙi, wasu suka tuɓe riguna suna kora. Ka kore su nan, su sauka taki goma gaba. Da magariba suka dafe kan karan hatsi har yana sunkuyawa, rassan gawo suna karyewa saboda nauyi. Tsakar dare in ka tsaya bakin gona kana jin ƙarar cinsu da zubar kashinsu a kan ganye.

Da safe wani dattijo ya kama hannuna ya kai ni gonarsa. Ya karyo zangarniya ɗaya ya miƙo mini, babu ƙwaya ko ɗaya, sai sanda.

"Malam, ku masu takarda, ashe ba ku san suna tafe ba?"

"Mun sani, Baba. Mota da magani ne ba su iso ba."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah Ya kyauta," ya juya.

Da kayan aiki suka iso, yanayi ne ya riƙa tsara mana yini. Fari ba sa tashi sai rana ta ɗumama jikinsu, saboda haka tun asuba muke fita mu same su a makwanci. Sai mun duba inda iska ta dosa, domin a gicciye ake bi da mota, iskar ce ke ɗaukar feshin ta shimfiɗa shi. In iska ta kwanta, aiki ya tsaya. In rana ta take, zafi ya ɗaga maganin sama a banza. Ga kuma aikin shiga kasuwa da masallaci muna roƙon mata kada su kwashi farar da aka fesa, domin a ƙasarmu soyayyar fara abinci ce kuma sana'a ce.

A Oktoba iska ta juya, gungun suka nufi Muritaniya da Maroko. Feshi mai yawa da sanyi mai tsanani na ƙarshen shekarar ne suka karya lagonsu a can. An fesa wajen hekta miliyan 13 a ƙasashen da abin ya shafa, an kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli. Mu kuma ruwa ya ɗauke da wuri a wannan damanar, abin da fara ta rage ƙishirwa ta ƙarasa. Nijar ta sami giɓin hatsi na tan 223,000, makiyaya suka rasa ciyawa, a 2005 na ga gidajen da anza ta zama tuwonsu.

Bayan wannan ne aka sake lale. A 2007 Nijar ta kafa cibiya ta musamman ta yaƙi da fara, ƙasashen yankin suka ƙarfafa aikin haɗin gwiwa, aka mai da hankali kan bin sawun fara a mahaifarta. Na taɓa raka masu bincike Tamesna bayan ruwa. Kafin mu tashi sun riga sun duba taswirar tauraron ɗan'adam da ke nuna inda aka yi ruwa da inda ƙasa ta yi kore, don haka ba lalube muka shiga yi cikin hamada ba. A kowane zango shugaban tawagar ya durƙusa ya tona rairayi, ya dunƙule shi a tafin hannu. In ya haɗe, akwai laima, fara za ta iya ƙwai. Sai ya taka ƙafa cikin ciyawa yana ƙirga waɗanda suka tashi, ya shigar cikin wata na'ura mai suna eLocust, bayanin ya bi ta tauraron ɗan'adam ya isa Yamai kafin mu gama shan shayi. Buzayen da muka tarar a bakin rijiya su ma suka faɗa mana kwarin da ruwa ya kwanta makon jiya, aka rubuta.

A 2012 aka ga amfanin wannan. Ruwan ƙarshen 2011 ya tara fari a iyakar Aljeriya da Libiya, rikicin Libiya ya hana a fesa su yadda ya kamata, wajen watan Yuni suka shigo arewacin Nijar da Mali. Wannan karon a Nijar gargaɗi ya tarar da mutane da motoci a shirye. Aka bi su da rakiyar sojoji, aka fesa 'ya'yan tun suna ƙasa, manoman kudu da yawa ba su ma san an yi ba.

Abin da ke ba ni tsoro yanzu shi ne shekarun lafiya. In aka daɗe ba a ga fara ba, kuɗin man motar bincike ne ake fara yankewa, ma'aunin ruwan ƙauye ya fashe babu mai sakewa, ga rashin tsaro ya rufe wasu sassan hamadar. Shi ya sa duk matashin malamin gonar da ya zo gaishe ni, tambayata ta farko ita ce ko yana rubuta ruwan da aka yi kowace safiya, ta biyu kuma wa yake aika wa.